Abin da Na Yi wa Malamar Sola

Ranar Lahadi

Maman Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya jikin Ummi, ɗinkin ya fara kamewa? Yaya amaryata? Ki gaya mata angonta na nan, sai ta yi haƙora zan zo zance, don ba na hira da mai dasashi. Ki gaishe mini da surukinmu, Allah ya saka masa da ɗawainiya.

Kin ce a waya ba na faɗar komai sai lafiya lau sau uku in kashe. Gaskiyarki. Shi ya sa na sayi littafin rubutu, direban da ke zuwa wajenku duk Litinin zai riƙa miƙa miki. Gida lafiya. Shukokinki ina ba su ruwa, biyu ne kawai suka mutu, su ma ina zargin dama ba su da niyyar rayuwa. Ƙaramar tukunyarki ta ɗan yi baƙi a gindi, kada ki tambaye ni dalili.

Kin tambayi labarin karatu. Kin dai san kamfanin da ke ba mu aikin sola ni da Dogo sun ce nan gaba wanda ba shi da takardar shaida ba shi da aiki. Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da filaya, yau an mai da ni ɗan makaranta. Ajin a cikin wayar hannu yake, Laraba da Asabar bayan la'asar. Nakan jingina wayar da gwangwanin sukari a kan teburin falo, in sa tabarau in zauna. Mu arba'in da biyu ne, kowa cikin ɗan akwatinsa kamar hoton fasfo. Akwai kuma zaure, wato guruf, inda ɗalibai da malamarmu da mai kula da karatun duk suke, a nan ake sanarwa da tambayoyi.

Malamar yarinya ce, ba za ta girmi Auta da shekara uku ba. Baba take ce mini. Tun ranar farko ta turo mana dokokin aji har shafi biyu, ta ce kowa ya karanta ya danna ya yarda. Na danna ban karanta ba, don ni takardar da babu zanen wayar wuta a cikinta ba ta dame ni ba. Sau biyu tana roƙo na in riƙa rufe abin magana. Na farko rediyona ne ya cika aji, na biyu kuwa mutum arba'in suka saurari faɗana da mai kwasar shara daga farko har ƙarshe. Wannan na yarda laifina ne, ni ma na yi dariya.

Amma abin da ya faru ran Laraba daban ne. Ta nuna mana wani shafi, ta ce kada a kuskura a sa birekar gida, wato makatsin wutar nan da muke sa wa wutar layi, a tsakanin farantan sola da batura. Wai wutar layi zuwa take tana komawa, in ka yanke ta tartsatsin kan mutu da kansa, amma wutar faranti ɗoɗar take tafiya hanya ɗaya, in ka yanke ta da birekar da ba tata ba sai tartsatsin ya ƙi mutuwa. Maman Auta, ni da na haɗa sola a gidaje ba ɗaya ba ba biyu ba da birekar gida, ko ƙwan fitila bai taɓa mutuwa ba. Akwai wani ɗan hannu da ake dannawa in mutum yana son magana. Ban bi ta kansa ba, na buɗe abin magana na ce, "Yarinya, tun ba a haife ki ba nake haɗa wuta. Wuta ai wuta ce."

Ta ce, "Baba, ka bari in ƙarasa, in an tashi sai mu yi magana ni da kai." Na ci gaba da bayanina, ina lissafa mata gidajen da na sa wa irin wannan birekar. Sai kawai ta rufe mini baki daga can inda take. Ina ta magana ina nuni da hannu, ashe babu mai ji na, har sai da na ga wasu na rufe baki suna dariya. Ni, da jika a duniya.

Da aka tashi ta turo mini saƙo ni kaɗai, wai in na sami lokaci ta kira ni. Ban amsa ba. Na ɗauki hoton shafin nan, har da fuskarta a gefe, na zagaye shi da ja, na saka a zaure. Na bi shi da saƙon murya na minti huɗu. Na ce wanda wuta ba ta taɓa ja ba bai isa ya koya mana wuta ba, na ce dabara ce ta sayar mana da kaya masu tsada, na ce makaranta ta nemo mana mai kanta a hannu ba mai karanto littafi ba. Ki ga yadda zaure ya ɗauka! Wannan ya ce Injiniya ka faɗi gaskiya, wancan ya turo hoton dariya har layi uku. Dogo ne kawai bai biye musu ba, kin san shi da nauyin baki.

To ke ki faɗa mini, ban kyauta wa kaina ba? Mutum ba ya bari a taka shi a bainar jama'a. Sai dai tun ranar abinci ba ya yi mini daɗi sosai, ina jin girkina ne.

Ki kula da kanki, ki riƙa samun barci in jaririya ta yi.

Naki,
Baban Auta


Ranar Lahadi

Maman Auta,

Ina gaishe ki, ina gaida Ummi da amaryata da maigidan. Na ji daɗi da kika ce an cire zaren ɗinki, Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma jikina lafiya.

Takardarki ta iso. Na juya bayanta ina neman sauran, babu. Layi biyu na gaisuwa, sai tambaya ɗaya: da Auta ce aka yi wa haka fa? Shekara ashirin da tara muna tare, ba ki taɓa yi mini faɗa mai gajarta da zafi irin wannan ba. Ranar na yi fushi, har na ce a raina ai dama mace bayan mace take bi. Yau ba fushi zan rubuto miki ba.

Abin ya wuce inda na ajiye shi. Wani ɗalibi, wanda ko sunansa na gaskiya ban sani ba, ya yanke fuskarta daga hoton da na saka, ya rubuta wata maganar banza a ƙasa, wadda ba zan sa a takardar da za ta shiga hannunki ba. Hoton ya fita daga zaurenmu, har a zauren masu sayar da kayan wuta na gan shi. Ran Asabar da ta shigo aji, duk maganar da ta fara sai wani ya buɗe abin magana ya ce a tambayi Injiniya tukuna. Ta daure ta kai ƙarshen darasi. A makon ne kuma makaranta ta turo takardar da ɗalibai ke auna malami. Na ba ta mafi ƙarancin maki a kowane layi, na kuma ji mutane da yawa sun yi haka. Ran Talata mai kula da karatu ya sanar cewa an dakatar da ita sai an bincika. A nan na fara jin cewa ashe gwajin wata uku aka ɗauke ta, ba a riga an tabbatar mata da aikin ba. Aka kawo mana wani dattijo a madadinta.

Sai ranar Alhamis. Kin san kantin maganin da ke kusa da masu gyaran babur, wanda na haɗa wa sola wata takwas da suka wuce. Mai kantin ya kira mu mu ƙara masa batir saboda firjin allurai. Da tsakar rana ne, rana ta take sosai. Na buɗe akwati na sauke bireka kamar yadda na saba. Maman Auta, sai na ji wani cuuu kamar an jefa albasa a tafasasshen mai. Wani shuɗin tartsatsi ya kama a cikinta ya ƙi mutuwa. Na mayar da ita sama, na sake saukewa, sai ma ƙaruwa ya yi. Robar ta fara narkewa tana ɗiga, hayaƙi ya bi bango, ga kwalayen auduga a kan kantar jera kaya bai fi kamu biyu daga wurin ba. Na tsaya da sukudireba a hannu kamar an dasa ni. Dogo ne ya fizgo tukunyar kashe gobara ta kantin ya fesa, sannan ya haye rufi ya lulluɓe farantan da tamfol.

Allah ya tsare, babu wanda ya ji rauni, allurai ma ba su lalace ba. Da Dogo ya sauko yana haki, bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya dube ni kawai ya ce, "Shafi na goma sha huɗu." Shafin da na zagaye da ja ke nan.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Mai kantin ya tambaye ni me ya jawo, sai na ji bakina ya ce ai kayan yanzu ne, duk jabu. Dogo ya sunkuyar da kai ya shiga naɗe waya. Na cire ƙonanniyar birekar na cusa a ƙasan jakar kayan aiki, muka je muka sayo irin wadda Malama ta ce, muka sa masa.

Da na dawo gida ko wanka ban yi ba, na buɗe shafin na karanta a tsanake. Duk abin da idona ya gani a kantin nan yana ciki, har launin tartsatsin ta rubuta. Daga nan na nemo dokokin ajin da na danna wa na yarda. Ta shida ta ce in kana da saɓani da malami ka fara yi masa magana shi kaɗai. Ta tara ta ce kada a ɗauki hoton kowa a aji a kai wani wuri. Akwai wadda ta ce ka karanta saƙonka sau biyu kafin ka tura, ka tambayi kanka ko za ka iya faɗa wa mutumin haka ido da ido. Wallahi da a ɗaki ɗaya muke da yarinyar nan, tana tsaye a gabana tana ce mini Baba, ba zan iya faɗar rabin abin da na faɗa ba. Wayar ce ta sa na ga kamar da hoto nake magana.

Kunya nake ji irin wadda ban taɓa ji ba tun ina yaro. Kada ki gaya wa Ummi, kada ki gaya wa Auta in ta kira ki daga makaranta. Zan gyara, ki ba ni lokaci in san ta inda zan ɓullo.

Ki sa ni a addu'a.

Mijinki,
Baban Auta


Ranar Lahadi

Maman Auta,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya ke da yara. Na ga hoton amaryata, kumatun nan ba na gidanmu ba ne, na wajenku ne. Ki yi haƙuri makon jiya direba ya zo ya tafi hannu wofi. Ba mantuwa na yi ba. Babu abin da zan rubuta ne wanda zan so ki karanta.

Na ce miki zan gyara. Bari in gaya miki yadda na yi da lokacin da na roƙa.

Washegarin ranar da na rubuto miki, mai kula da karatu ya sa sanarwa a zaure. Ya ce kwamiti zai zauna a kan maganar Malama ranar Juma'a ta sama, duk ɗalibin da ke da abin faɗa, na yabo ko na suka, ya rubuto kafin ranar. Kwana goma sha ɗaya ke nan a hannuna. Na karanta sanarwar nan ya fi sau ashirin. Na san ni ake jira, ko da shi mai sanarwar bai sani ba.

Na fara rubutawa ran Talata. Na rubuta cewa wataƙila an sami rashin fahimta tsakanina da ita, na goge, don babu wani rashin fahimta. Na rubuta cewa kowa ɗan Adam ne, na goge. Duk wanda na rubuta sai in tarar na bar wa kaina ƙofar fita. Wanda babu ƙofa a cikinsa kuwa, in na kai yatsa zan tura sai in tuna masu ce mini Injiniya, in tuna hoton dariya layi uku, in ce bari sai gobe. Kin san ni da hawa tsani, ko bene mai hawa huɗu ba ya ba ni tsoro. Ɗan maɓallin nan na turawa ya gagare ni.

Ran Laraba dattijon da aka kawo ya zo kan darasin bireka. Shafinta ya buɗe, ko waƙafi bai canza ba, ya faɗi abin da ta faɗa da muryarsa mai kauri. Babu wanda ya yi tari. Wani ma cewa ya yi Allah ya ƙara basira, Malam. Na ga idanu a cikin akwatunan nan kamar duk ni suke kallo, sai na kashe kyamarata na zauna a bayan baƙin allo kamar ɓarawon da ya ji motsi. Dogo ya daina zama shan shayi da ni da safe. In mun je aiki sai miƙo filaya, karɓi tef. Sau ɗaya ya ce mini, "Juma'a fa tana zuwa," na ce na sani. Ya sake faɗa ana jibi, na ce masa ya fita harkata.

Juma'ar ta zo ta wuce, Maman Auta. Ban rubuta ba. Wannan shi ne abin da ya hana ni aiko miki da takarda. Na farko na yi shi cikin jahilci da zafin kai. Wannan kuwa ina sane, da hujja a ƙasan jakata, na zauna na kalli ranar tana faɗuwa.

Jiya Asabar da safe ina neman tef a jaka hannuna ya taɓo birekar. Har yanzu tana warin ƙuna. Ban san me ya sauya ba, na dai ji na gaji da kaina. Da la'asar na yi wanka na sa riga mai kyau, na kunna kyamara, na danna ɗan hannun nan na jira. Minti ashirin dattijon bai lura ba, ban buɗe baki ba sai da ya kira ni. Na ɗaga birekar kusa da waya yadda kowa zai gani. Na ce wannan aikina ne, ni na sa ta, a hannuna ta kama, saura kaɗan kantin mutum ya tashi. Na ce duk abin da Malama ta koyar gaskiya ne, ni ne ban sani ba, na kuma ƙi tsayawa a sanar da ni. Na ce na katse ta, na kira ta yarinya a gaban ɗalibanta, na yaɗa hotonta, na zuga mutane a kanta, kuma na san gaskiya tun kwana goma sha shida na yi shiru.

Can dattijon ya gyara tabarau ya ce, "Mun ji, Allah ya yafe mana. Sai dai wadda ya kamata ta ji ba ta nan." Ban taɓa jin magana mai laushi ta dake ni haka ba.

Da aka tashi na rubuta duk abin da na faɗa na saka a zaure, inda na yi ɓarnar, da hoton birekar. Na tura wa mai kula da karatu shi ma. Na neme ta a lambar da ta taɓa turo mini saƙo, ashe ta makaranta ce, an karɓe. Saƙonta na nan a sama, wanda ta ce in na sami lokaci ta kira ni, babu amsa a ƙarƙashinsa. Mutum shida sun biyo bayana sun ba da haƙuri. Wasu sun bi tsofaffin saƙonninsu suna gogewa. Wanda ya yanke hotonta ya fice daga zauren ba sallama. Daga nan na wuce kantin magani na gaya wa mai shi cewa ba jabu ba ne, ni ne. Ya ce to ya ji.

Mai kula da karatu ya amsa da layi ɗaya, ya ce in zo ofis ran Talata. Dogo ya ce zai raka ni. Ban san me aka yanke ba. Ki taya ni roƙon Allah ya sa ban makara ba.

Ki gaida kowa da kowa.

Naki,
Baban Auta


Ranar Lahadi

Maman Auta,

Ina yi miki sallama da fatan alheri. Na ji Ummi har ta fara shiga kicin da kanta, alhamdu lillahi. Na gode da takardarki, na gode da ba ki ce dama kin faɗa ba, ko da yake kin faɗa. Na makara.

Ofishin ɗaki biyu ne a saman wani shagon kayan gini. Na zaci makaranta mai ɗalibai da yawa haka za ta fi wannan girma. Tebur uku, fanka ɗaya, da wani ɗan lungu da aka rataya farin kyalle a bango, a nan malamai ke zama su yi mana darasi. Na gane kyallen, shi nake gani a bayanta. Kujerar ƙarama ce ƙwarai.

Mai kula da karatu mutum ne mai sanyin magana, bai ɗaga mini murya ba. Ya ce kwamiti ya duba abin da ta koyar, bai sami kuskure ko ɗaya ba. Amma ɗalibai talatin da ɗaya sun ba ta maki mafi ƙasa, sunan makaranta ya shiga zaurukan waje da hoton nan, aka ce ba ta iya riƙe aji ba. A cikin mu arba'in da biyu, mutum biyu ne suka rubuto don kare ta, ɗaya wata mata ce, ɗayan Dogo. Yana zaune kusa da ni, bai taɓa gaya mini ba. An riga an ba dattijon gurbin har ƙarshen shekara, an sa hannu. Na ce a kore ni ni a dawo da ita, na ce a hana ni takardar shaidar. Ya ce korata ba za ta buɗe mata gurbi ba. Sannan ya ce, tunda daga bakina abin ya taso, da takardata ta iso ko da ran Alhamis ne, kafin kwamiti ya zauna, da zancen ya sha bamban. Na so a ce bai faɗi wannan ba, amma ni na tambaye shi.

Lambarta ya ce ba shi da izinin bayarwa, sai dai in rubuta ya tura mata. Na zauna a teburinsa na rubuta da hannuna, ya ɗauki hoto ya aika. Ban nemi komai ba, na dai faɗi abin da na yi ɗaya bayan ɗaya, har da shirun da na yi.

Ran Alhamis ya turo mini amsarta. Ga ta yadda take: "Baba, na karanta. Na ji zafi sosai, ba zan ɓoye maka ba, amma na yafe. Ka ce a aji ka sa irin wannan birekar a gidaje da yawa. Don Allah ka je ka cire su, kada ka jira gobe. Ka lulluɓe farantan tukuna kafin ka taɓa komai."

Kin ji. Na raba yarinya da aikinta, ita kuma tunaninta na kan gidajen mutanen da ba ta sani ba. Ni da na ga wutar da idona, mako uku ina fama da kunyar kaina, ko sau ɗaya ban tuna da sauran gidajen ba. Na ajiye wayar na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba, a nan kan teburin falo.

Gida biyar ne. Mun fara tun ranar ni da Dogo. A kowane gida sai na tsaya a ƙofa na yi bayani da bakina, cewa aikin da na yi musu akwai haɗari a ciki, na zo in gyara. Wata tsohuwa ta yi mini tatas, ta ce jikokinta a ɗakin da akwatin yake suke kwana. Na tsaya na shanye, don tana da gaskiya. A gida na uku mun tarar birekar har ta fara yin baƙi ta ciki.

Na ƙarshe gidan yayanki ne, jiya da hantsi. Kin san shi, bai yi faɗa ba, kujera ma ya jawo ya zauna yana kallon aikin. Na nuna masa tsohuwar da sabuwar, na yi masa bayanin wutar da ke zuwa tana komawa da wadda ke tafiya ɗoɗar, kusan kalma da kalma yadda ta faɗa mana. Ya ji daɗin bayanin ƙwarai. Ya ce ashe tsufa bai hana ni ƙaro ilimi ba, wa ya koya mini wannan? Na ce wata malama ce. Ya yi ta sa mata albarka, ya ce irin waɗannan ake nema, masu tsare rayukan mutane. Sai ya ce 'yarsa ta biyu tana sha'awar aikin sola, in gaya masa inda malamar take koyarwa ya kai ta.

Dogo ya daina ɗaure sukurun da yake ɗaurewa. Da ƙyar na ce wa yayanki ba ta koyarwa yanzu. Ya ce subhanallahi, me ya faru? Na ce ni ne.

Ki dawo da zarar Ummi ta iya riƙe gidanta. In Auta ta kira, ki ba ta labarin duka, kada ki rage komai, na fi son ta ji daga gare ki. Ki shafa mini kan amaryata.

Mijinki,
Baban Auta